Keken da Yunana Ya Naɗe da Jar Roba

Akwai wani mutum mai suna Yunana, manomi ne a wani ƙauye da ke bisa dutse. Hanya ɗaya ce take sauka daga ƙauyen zuwa kwari, inda kasuwa take, da injin niƙa, da ɗakin shan magani. Hanya ce mai duwatsu, mota ba ta hawanta. A tsakiyarta akwai wani wuri da ake kira Gangaren Akuya, domin mutanen ƙauyen sun ce akuya ma sai ta tsaya ta yi shawara kafin ta sauka. Duk wanda ya bi wurin nan a kan keke, ransa yana hannun Allah, bayan haka yana hannun ƙarfen da yake zaune a kai.

Yunana ba mugun mutum ba ne. Yana zuwa sujada a majami'a, yana ba da baikonsa ga Allah, ba a taɓa jinsa da faɗa ba. Abu ɗaya ne yake damunsa, yana so a ce ya iya saye. Idan maƙwabcinsa ya sayo fartanya, sai Yunana ya karɓa ya jujjuya ta, ya ce, "Da ka tafi da ni, da ba a cuce ka ba." Mutane sun saba da halinsa, kuma gaskiya sau da yawa idonsa yana gani.

Da kaka ta yi, ya sayar da dankalinsa da awaki, ya tafi birni sayen keke. A kasuwar kayan hannu ya tarar da wani keke irin na hawan duwatsu, wanda aka shigo da shi daga ƙasar waje bayan wani ya more shi. Tayoyinsa masu kauri ne, giyarsa da yawa, yana da sifirin, wato ƙarfe mai lotsawa, a gaba da wani a tsakiya ƙarƙashin sirdi, yadda idan ka taka dutse keken ne zai sha wahala, kai kuwa kana zaune lafiya. Yunana ya matsa birki, ya juya feda, ya danna sirdi ya ga yadda yake lotsawa yana dawowa. Ya buga ƙararrawa ma. Duk abin da yake motsi a jikin keken ya gwada shi. Abin da bai duba ba shi ne abin da ba ya motsi, wato ƙarfen da ya riƙe sauran kayan duka, wanda masu gyara suke kira firam. Fentinsa yana ƙyalli, sai ya ɗauka magana ta ƙare.

Ranar da ya iso gida da keken, ƙauye ya taru a ƙofarsa. Tsofaffi suka shafa sirdi, samari suka durƙusa suna ƙirga giya. Yunana ya tsaya a gefe yana ba da labarin yadda ya zaɓe shi a cikin kekuna masu yawa, da yadda mai sayarwa ya so ya tura masa wani, shi kuwa ya ƙi. Ya ce, "Irin wannan sai mai ido." Kowa ya ce haka ne.

Washegari ya ɗebo ruwa da tsumma yana wanke ƙurar hanya. Da ya zo wurin da sifirin na tsakiya ya haɗu da firam, daidai bakin walda, sai ya ga wani layi siriri kamar gashi. Ya goge, bai fita ba. Ya sa farce, farcen ya maƙale. Ya san abin da ya gani. Tsaga ce.

Matarsa Afiniki tana shara a tsakar gida, ta ga ya ƙura wa keken ido, ta matso. Ta ce, "Maigida, lafiya?"

Ya ce, "Fenti ne ya ɗan karce."

Ta sunkuya ta duba. Ta ce, "Ni ban san keke ba, amma na san tukunya. Idan ta yi haka, ba na ɗora ta a wuta. Ka mayar musu, ko ka kai wa mai walda."

Yunana ya yi tunanin abin. Idan ya mayar, birni da nisa, kuma kayan hannu ba a cika karɓarsu ba idan sun fita kasuwa. Idan ya kai walda, ƙarfen ba irin na garma ba ne, sai mai walda na birni, kuma za a bar masa baƙin tabo a wurin da kowa zai gani. Amma ba nisa ne ya fi tsaya masa a rai ba. Jiya-jiya ya tsaya a gaban jama'a ya ce sai mai ido. Da wace fuska zai sake tura keken ya bi ta gabansu?

To, a ƙauyen nan akwai wata al'ada. Duk wanda ya sayi keke, kafin ya fara hawa, yakan sayo roba mai launi, siririya kamar kirtani mai faɗi, ya naɗe firam ɗin da ita daga sama har ƙasa don kada fenti ya karce. Wasu har suna haɗa launi biyu don ado. Keken da ba a naɗe ba, sai a ce mai shi ba ya tattalin kayansa. Saboda haka da Yunana ya sayo jar roba ya zauna a inuwa yana naɗi, babu wanda ya yi mamaki, sai ma sannu da aiki da ake yi masa. Ya naɗe ko'ina sau ɗaya. Da ya zo wurin tsagar, ya naɗa, ya sake naɗawa, ya ƙara, yana jan robar da ƙarfi har yatsunsa suka yi ja. Da ya gama ya ja baya ya duba. Keken ya fi dā kyau, kuma tun da ba ya ganin tsagar, hankalinsa ya ɗan kwanta.

Haka ya yi ta hawa har rani ya wuce. Keken kuwa daɗi gare shi, wannan ba ƙarya. Sai dai bayan wani lokaci ya fara wata ƙara, ƙas-ƙas, duk sa'ad da aka taka dutse. Yunana ya zuba wa sarƙa mai, ƙara ba ta daina ba. Ya ɗaure sirdi, ba ta daina ba. Daga baya ya rataya ƙaramar rediyonsa a kan keken, yana tafe yana jin waƙa, ƙarar ta ɓace masa. Wannan shi ne gyaran da ya yi.

Amma akwai abin da ya fara yi wanda bai gaya wa kowa dalilinsa ba. Duk lokacin da ya iso Gangaren Akuya, sai ya sauka ya tura keken da hannu har ya wuce wurin. Idan wani ya gamu da shi ya tambaya, sai ya ce yana miƙe ƙafa ne. Bakinsa yana cewa keke ƙalau, ƙafarsa kuwa ta san gaskiya.

Yunana yana da ƙane, sunansa Irmiya, magidanci ne mai ƙarfin noma, gidansa yana jikin na wansa. Wata rana da damina ta fara, bayan an tashi daga sujada, mutane suna tsaye a gindin mangwaro suna gaisawa, sai Irmiya ya zo da sauri. Jinjirarsa ce zazzaɓi ya rufe, maganin da aka rubuta mata kuma sai a kwari ake samu. Ya ce, "Yaya, ara mini kekenka in sauko da maganin nan. Kafin rana ta karkata na dawo."

Yunana ya dubi ƙanensa, ya dubi keken, ya dubi mutanen da suke tsaye. Su ne dai waɗanda suka taru a ƙofarsa ranar farko. Maganar ta zo masa har bakin harshe, kuma gajeriya ce: akwai tsaga a ƙarƙashin naɗin, idan ka kai gangare ka sauka ka tura. Ya ji tsoro ƙwarai a ransa, amma kunya ta fi tsoron ƙarfi. Ya miƙa keken ya ce, "Ka bi a hankali."

Wannan kuwa magana ce da kowa yake faɗa wa kowane matafiyi, ko da mai zuwa rijiya ne. Irmiya ya matsa birki ya ji yana kamawa, ya taɓa tayoyi ya ji iska. Ya ce, "Da wannan keken, Yaya, ai gangare wasa ne." Ya hau ya tafi.

Yunana ya koma gida, aka kawo masa abinci, ya kasa ci. Yana zaune yana ce wa kansa keken da ya yi rani guda bai karye ba, ba yau zai karye ba.

Irmiya yana sauri saboda 'yarsa, bai sauka a Gangaren Akuya ba. Me zai sa ya sauka? A tsakiyar gangaren taya ta baya ta daki dutse, firam ya rabu biyu a ƙarƙashinsa, Irmiya ya faɗa cikin duwatsu. Wasu mata masu dawowa daga niƙa ne suka same shi, ƙashin cinyarsa ya karye. Aka ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa zuwa gida, aka kira maɗori. Wani maƙwabci ya sauka da ƙafa ya kawo maganin, jinjirar ta sami sauƙi. Irmiya ne bai tashi ba. Ya kwanta damina ta wuce a kansa, gonarsa ta zama ciyawa sai abin da 'yan'uwa suka iya taimakawa.

Keken ma an kawo shi, gaba daban baya daban, jar robar ce kaɗai take riƙe da su tana lilo. Aka jingine shi a bangon ɗakin da Irmiya yake kwance. Wata rana da zafin ciwo ya ragu, Irmiya ya ce a miƙo masa. Majinyaci ba shi da abin yi, sai ya kama bakin robar yana warwarewa. Ko'ina naɗi ɗaya ne, yana zarewa cikin sauƙi. Da ya zo wurin da ya karye, ya warware, ya sake warwarewa, robar ba ta ƙare ba. A ƙarƙashinta kuma bakin karayar launi biyu ne, rabi fari sabo, rabi baƙi da tsohuwar dauɗa.

Ya aika a kira wansa. Yunana ya shigo ya ga tarin robar a kan tabarma, ya tsaya a bakin ƙofa.

Irmiya ya ce, "Yaya, ka sani?"

Yunana ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani."

Irmiya bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da ka raɗa mini a kunne ma ya isa. Da na sauka na tura."

Ma'anar wannan misali ita ce, keken nan rayuwar mutum ce. Giya da sifirin da ƙararrawa su ne abubuwan da mutane suke gani su yaba, kamar iya magana, da murya mai daɗi a ƙungiyar mawaƙa, da hannu mai kyauta. Duk suna da kyau, amma ba su ne suke ɗauke da mutum ba. Abin da yake ɗauke da shi shi ne halinsa na ciki, wanda ba ya ƙyalli, ba ya ƙara, kuma ba a cika dubansa ba sai ranar da ya karye.

Ku lura, tsagar ba laifin Yunana ba ce. Da ita ya sayo keken, wataƙila mai sayarwar ma bai san da ita ba. Dukanmu haka muke, kayan hannu ne, babu wanda ya zo gaban Allah ba tare da tsaga ba. Wani tasa fushi ce, wani sha ne a ɓoye, wani hannunsa ne ba ya tsayawa a kan abin da aka ba shi amana. Laifin Yunana ya fara ne ranar da ya ga tsagar ya tafi sayen roba. Kuma robar da ya saya ba abin kunya ba ce, abu ne da kowa yake yi, har ana yabon mai yinsa. Haka mutum yakan ɗauki zuwa sujada, da baiko, da gaishe da marasa lafiya, ya naɗe zunubin da ya ƙi furtawa, inda tsagar ta fi girma nan yake ƙara kaurin naɗi. Ubangiji yana gyara abin da aka kawo masa a buɗe, ko da gyaran zai bar tabon da mutane za su gani. Abin da aka naɗe kuwa, yana nan yana ci a ciki.

Wataƙila wani a cikinku yana cewa a ransa, ni na san raunina, na san inda zan sauka in tura. Yunana ma ya sani, shi ya sa bai taɓa faɗuwa ba. Amma ba kai kaɗai kake hawan rayuwarka ba. Matarka ta dogara da kai, 'ya'yanka ma haka, da abokin da ya amince da maganarka bai bincika ba. Su ba su san wurin sauka ba, domin jar roba kawai suke gani. Saboda haka idan akwai abin da ka naɗe, kada ka jira ranar da za a zo aro. Ka warware shi a gaban Allah, ka kuma faɗa wa wanda ya kamata ya sani, ko da kunya za ta kama ka a gaban mutane.

Allah mai gafara ne, Irmiya ma ya gafarta wa wansa, suna ci a kwano ɗaya kamar dā. Amma har yau idan zai shiga majami'a, sai ya dafa bango ya ɗaga ƙafar da hannunsa kafin ya haye dokin ƙofa, Yunana yana tsaye a bayansa yana jira.