Wasiƙar Fada da Safta Biyu

Akwai wata tela mai suna Safta Munteanu a wani ƙaramin gari a ƙasar Romaniya, shekara guda bayan Yaƙin Duniya na Farko. Gwana ce a ɗinki, kuma ta san da haka, don ko gaisuwa sai ta zaɓi wanda za ta amsa wa.

Ranar wata Talata Costache mai raba wasiƙu ya shigo shagonta yana haki.

"Uwargida, daga fada! Ga hatimi ja!"

Kafin ta buɗe, maƙwabta sun cika ƙofa. Ta karanta layin farko da ƙarfi: ana gayyatar Safta Munteanu birnin Bukares ta karɓi lambar girma da sarauniya ke ba mata. Guɗa ta tashi.

Layi na biyu a zuci ta karanta: "saboda jinyar sojoji a lokacin annobar zazzaɓin ƙwarƙwata."

Ita kuwa ko ƙofar makarantar da aka kwantar da sojojin ba ta taɓa takawa ba. Amma akwai wata Safta Munteanu a bakin rafi, mai wanki, matar ɗan baffan mijinta. Ita ce ta yi wata biyar tana tafasa tufafin marasa lafiya a tukunya don kashe ƙwarƙwata, tana ba su romo a baki.

Kwana biyu tela ta yi da wasiƙar a aljihu. In ta je ta karɓa, wa zai sani? A rana ta uku abinci ya ƙi shiga, ta ɗaura ɗankwali ta gangara rafi.

"Takwara, ajiye sabulun nan. Fada na nemanki."

Mai wanki ta saurara har ƙarshe, sai ta fashe da dariya.

"Yaya, da waɗannan hannuwan masu kaushi zan gaisa da sarauniya? Rigata ɗaya, ita ma gwiwar hannu ta leƙo. Ki je kawai, ai sunan ɗaya ne."

"Sunan ɗaya, aikin ba ɗaya ba. Miƙe in gwada ki."

Da ta koma shago, tela ta fito da shuɗin yadin da ta ɓoye don bikin Ista na Kiristoci, ta yanka ba ko waiwaye. Mai wanki ta rantse ba za ta hau jirgin ƙasa ita kaɗai ba, dole suka tafi tare, da ƙunshin tuwon masara da cukwi.

A zauren fada, da aka maƙala lambar a ƙirjin mai wanki, tela na can baya tana share hawaye. Matar wani babban hafsa ta taɓa hannun rigar ta ce, "Wane shago a birni ya yi wannan?"

Mai wanki ta ɗaga murya kamar tana kira daga ƙetaren rafi: "Wane birni? Ga ta can tana kuka! Yaya, taso a gan ki!"

Zauren ya ɗauki dariya. Mata bakwai suka ba tela awonsu a ranar.

Da suka dawo, masu goge na jiransu a tasha. Aka yi rawa har takalman Costache suka ɓalle, Safta biyu a tsakiyar da'ira, hannu cikin hannu.

Darasi: Yabon da ba naka ba, riga ce ta aro, ba ta zama a jiki. Miƙa wa mai haƙƙi haƙƙinsa, naka rabon ba zai wuce ka ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai su ma su karanta.