Ƙanƙarar Tasalla da Mai Haraji

A wani garin bakin iyaka an yi wata mata, Tasalla, mai kai ƙanƙara ƙetare a amalanke. Kayan da aka fitar waje ba a biya musu harajin saye, shi ya sa sabon jami'in haraji, Malam Sallau, ya sa mata ido.

Ya ce, "Na san halinku. Ku fitar da kaya ta ƙofa, ku dawo da su ta daji ku sayar. In ƙanƙarar makon jiya tana can, ɗauko ta in gani, ko in kama amalanken."

Washegari Tasalla ta dire masa bokiti a ofis.

"Ga ta, Yallaɓai."

"Wannan ai ruwa ne, Inna."

"Ko dai ba ka duba da kyau ba?"

Ya ɗaga murya a gaban ma'aikatansa: "Wace ƙanƙara ce za ta yini a zafin nan?"

"Allah ya ƙara sani. Hanyar dajin kuwa kwana biyu ce. To me na dawo da shi na sayar?"

Malam Sallau ya dubi masu ƙunshe dariya, ya jawo hatimi ya buga wa takardarta.

Tasalla ta ce, "Ruwan kyauta ne, Yallaɓai. Bokitin dai nawa ne."