Fitilar da Ta Raba Malam Gado da Taurari

Akwai wani dattijo a ƙauyen Fagada, can ƙasar Jega, ana ce da shi Malam Gado. Manomi ne, ya kuma taɓa karatu daidai gwargwado. Ba ya cin goro, ba ya zaman majalisa. Abin sha'awarsa guda ne a duniya: in an idar da sallar Isha'i sai ya shimfiɗa buzunsa a tsakar gida, ya jingina da rumbu, ya ɗaga kai yana kallon taurari yana jan carbi.

Tun yana saurayi haka yake. Ya san Zara, ya san Gamzaki, amma waɗanda ya fi so su ne Kaza da 'Ya'yanta, 'yan taurarin nan da ke cure wuri ɗaya. Da damina ta ɗauke, sama ta washe, sai su riƙa ɓullowa ta gabas da farkon dare. Yakan ce duk shekarar da ya gan su, ya san Allah ya ƙara ara masa rai.

Babban ɗansa Muntari dillalin albasa ne a Aliero. Allah ya buɗa masa har ya kai ga loda manyan motoci zuwa Kudu. Kuma tsakani da Allah, jama'a, Muntari ba mugun ɗa ba ne, bai taɓa barin gidansu da yunwa ba. Halinsa dai shi ne, in zai yi alheri yana so gari ya shaida, in kuma ya yanke shawara ba ya tambayar kowa.

Ana gab da Babbar Sallah sai ga shi da ma'aikata, da dogon ƙarfe a bayan mota. Suka kafa fitilar sola a tsakiyar gidan Malam, irin wadda ake sawa a bakin titi. Ba a kunna ta, ba a kashe ta. Da rana ta faɗi za ta kama da kanta, ba za ta mutu ba sai gari ya waye.

Gida ya cika da 'yan kallo, kowa na sa wa Muntari albarka. Malam ma ya sa masa.

Da aka yi Isha'i ya shimfiɗa buzunsa yadda ya saba. Ya ɗaga kai, farin haske ya dalle masa ido. Ya ja jiki ya koma bayan rumbu, ya koma bakin zaure, duk ɗaya. Sama ta zama fari fat, ko tauraro ɗaya babu. Ga shi ƙafafu sun daɗe da gazawa, daga ɗaki zuwa tsakar gida ma sai da sanda, balle a ce ya fita bayan gari.

Za ku ce me ya hana shi magana? Ai kun san kunyar ɗan fari a wajen mutanenmu. Malam Gado ko sunan Muntari bai taɓa kira ba, ina zai iya duban idonsa ya ce abin da ka kawo ya dame ni?

Ana cikin haka idonsa ya fara ciwo. Likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa gudu.

'Yarsa Shafa'atu tana aure a nan cikin Fagada, ita ke kawo masa tuwon dare. Ita ta lura da yadda yake zama shiru, yana kare fuska da hannu yana laluben sama.

"Baba, in sa a hau a rufe ta da buhu mana," in ji ta.

"A'a. Gobe a ce yayanki ya yi alheri ni na rufe shi da buhu? Ku bar mai abu nai."

Da ta koma gida sai ta kira Muntari a waya.

"Yaya, fitilar ga ta hana Baba ganin taurari. Ka sa a maishe ta ƙofar masallaci, kowa shi amfana."

Muntari ya yi dariya. "Taurari? Mutane na roƙon haske, ku kuna roƙon duhu? Shi ya ce miki haka?"

"Bai ce ba. Kai ma ka san ba shi cewa."

"To ke ce ke son a ce na bar ubana cikin duhu, ina da hali."

"Na ji, bar fitilar. Ka taho da mota dare guda ka fid da shi bayan gari. Likita ya ce idon na tafiya, Yaya."

"Yanzu albasa ke tsada, ina tsakiyar lodi. In na samu sarari ina nan tafe."

Daga Aliero zuwa Fagada fa ba wata tafiya ba ce. Amma sararin nan bai samu ba. Kaza da 'Ya'yanta suka fito, suka yi watanninsu a sama, suka ɓace. Muntari yana aiko da shinkafa, yana aiko da maganin ɗigawa, in ya leƙo da rana ya gaisa a tsaitsaye ya wuce. Shi kuwa Malam ganinsa na ta ƙuntata, har ya zama kamar mai leƙe ta hudar ƙofa. Duk da haka bai fasa shimfiɗa buzunsa ba.

Shekara ta zagayo, damina ta sake ɗaukewa. Wata ranar Juma'a Muntari ya zo gaisuwa, ya durƙusa a gaban mahaifinsa. Malam ya amsa, ya miƙa hannu, sai hannun ya nufi inda babu kowa.

Muntari ya bi hannun da kallo. Ranar bai koma Aliero ba.

Bayan Isha'i ya sunkuci tsohon cak ya sa a mota, Shafa'atu ta shiga baya riƙe da buzu. Suka wuce gonakin dawa, suka yi nisa har hasken gari ya ɓace, sannan ya tsaya ya kashe fitilun mota.

Da ya fito ya ɗaga kai, shi kansa sai da ya ce Subhanallahi. Babu wata, taurari sun cika sama maƙil tun daga gabas har yamma. Rabon da ya dubi sama haka tun yana yaro. Ga Kaza da 'Ya'yanta can sun taso, a cure, suna ƙyalli.

Aka shimfiɗa buzu, aka zaunar da Malam, fuskarsa na kallon gabas. Ya ɗaga kai. Ya daɗe a haka. Ya murza ido da bakin rawaninsa, ya sake ɗagawa. Ya juya dama a hankali, ya juya hagu. Carbin da ke hannunsa ya tsaya.



Can sai ya sauke kai, ya ce, "Shafa'atu, ashe yau hadari ya rufe sama."

Ta toshe baki da mayafi.

"Ba komi," in ji shi. "Ki ce ma yayanki kar ya damu, ba laihi nai ba ne, hadari ne. Mu koma gida, raɓa na sauka."

Wallahi ko ƙyallin gajimare babu a sama daren nan. Kuma mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gona ba ya bukatar ido kafin ya san akwai hadari ko babu, iska kaɗai ta ishe shi. Malam ya san abin da ya faru. Bai so ɗansa ya kwana da nauyin ne kawai.

Muntari ya zaga bayan mota, ya durƙusa a ƙasa, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsu. Washegari da sassafe ya sa aka tumɓuke fitilar. Tsakar gida ta koma yadda take, taurari suka dawo, amma mai kallonsu ba ya gani.

Darasi: Ba duk abin da ya burge mutane ne ke faranta wa iyayenka rai ba. Kafin ka yi musu alheri, zauna ka lura da abin da suke so, domin da yawansu kara ba za ta bar su su faɗa ba. In kuma ka gane bukatarsu, kada ka ce sai ka samu sarari, lafiyar tsoho ba ta jiran kasuwa ta tashi. Allah ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu, waɗanda suka rasu Allah ya jiƙansu. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya karanta ya tafi gida yau.