Ramar Nomau da Tushe Biyar na Bakin Shinge

Ku matso kusa, ku ajiye ɓarar gyaɗar nan tukuna. Yau ba labari kawai zan ba ku ba, shari'a na kawo muku, kuma ba wanda zai tashi sai ya faɗi nasa hukuncin.

A ƙauyen Tungar Marke an yi wani matuƙin igiya ana ce masa Nomau. Shi yake noma ramarsa, ya jiƙa ta a rafi, ya saɓe bawon, ya tuƙa. Igiyarsa ba ta tsinkewa a rijiya, shi kuma maganarsa ba ta tashi. Aibinsa ɗaya, ba ya ganin sabon iri ya ƙyale. Wata shekara ya je cin kasuwa can nesa, ya dawo da irin rama da aka ce masa tana fin mutum biyu tsawo. Ruwan farko na sauka ya shuka ta a gonarsa ta bakin rafi.

To, ramar da mutanen garin suka sani gajera ce mai faffaɗan ganye. Ta Nomau kuwa sai ta miƙe sambal, ganyenta a tsattsage kamar yatsun hannu. Ga shi a shekarun nan wiwi ta haukata samari biyu a garin, har jama'a suka yi rantsuwa cewa duk wanda aka kama ya shuka ta, za a ƙone gonarsa, a kore shi, a ba wani filin. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Wani ya raɗa wa wani, kafin azahar magana ta cika gari: Nomau ya cika gona da wiwi. Aka kai shi zauren dagaci aka tsare. Ya rantse har muryarsa ta dushe, ba wanda ya saurara, matasa suka ɗebi kara da ashana suka nufi rafi.

Ta farko da ta tsaya masa ƙanwarsa ce, Tabawa, mai sayar da kwaɗon rama. Ta riga matasan isa gonar, da kwanonta da ƙuli-ƙulinta, ta zauna a tsakiyar kunya ta ce sai dai a ƙone da ita. Ta tsinki ganye ta kwaɗa a gabansu, ta ci, ta miƙa wa kowa ya ɗanɗana ya ji tsami. Jarumawan nan masu ashana ba wanda ya iya kai loma ɗaya baki. Suka ce ai ɗan'uwa rabin jiki ne, ko guba ce za ta ci saboda yayanta. Da dagaci ya iso, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, kama da wane ba ta wane. Ganye yana ruɗin ido, amma fure ba ya ƙarya. A bar gonar nan har ta yi fure. In ba furen rama ya fito ba, a haɗa ni da Yaya a kore mu tare." Dagaci ya yarda, ya ce a jira kwana talatin, lokacin da ramar kowa take fure. Tun daga ranar aka daina sayen kwaɗonta, mata suna ce mata mai kwaɗon wiwi, ita kuwa ba ta fasa kai wa yayanta tuwo zaure ba. Da ba ta zauna a kunyar nan ba, da tuni gonar ta zama toka.

Kwana talatin suka cika. Ramar kowa ta yi fure, ta Nomau ko alama, sai ƙara tsawo take yi. Masu ashana suka dawo suna cewa ai ga shi nan, mun faɗa.

Nan na biyu ya fito, Shekarau, abokin Nomau tun suna kiwon awaki, tsohon malamin daji da ya bar aiki saboda ciwon gwiwa. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma ya san itace kamar yadda uwa ta san 'ya'yanta. Ya ja dagaci cikin gonar, ya nuna masa ganyen ƙasa-ƙasa, waɗanda ba su tsage ba. Ya nuna masa cewa ko na sama da suka tsage, a haɗe suke daga gindi, ganye ɗaya ne. Ya sa shi ya shafa karan ya ji ƙaiƙayi. Sannan ya ce rama iri-iri ce, akwai mai sauri, akwai mai nawa, kuma doguwar nan ba ta kula da ƙidayar kwana, jira take yini ya fara gajarta, bayan an yanke gero. Ya roƙi kwana ashirin da biyar, aka ba shi da ƙyar. Sai kuma ruwa ya ɗauke kafin lokacinsa, ramar ta fara yaushi, kuma kowa ya san in ta mutu ba fure, Nomau ya tafi ke nan. Tsohon nan mai ɗingishi ya ɗauki tulu, daga rafi zuwa gona, daga gona zuwa rafi, safe da yamma, shi kaɗai, don ba wanda yake so a gan shi yana shayar da gonar da ake zargi. Gwiwar da ma lallaɓa ta yake yi, a nan ta ƙarasa, bai sake tafiya ba sanda ba.

Ranar kwana na ashirin da uku gona ta wayi gari da fure, manya-manya masu ruwan ɗorawa da jan ciki, kamar na kuɓewa. Gani ya kori ji. Aka fito da Nomau, jama'a suka bi shi gonar ana ta ba shi haƙuri. Ana cikin zagayawa, sai wani ya yi kira daga can ƙarshe, bakin shingen ƙaya, inda tulun Shekarau bai taɓa kaiwa ba saboda wurin da damshi. Tushe biyar ne a ɓoye, ba furen rama a kansu, warinsu kuma ya ishi kowa shaida. Wiwi ce ta gaske. Murna ta koma ciki. Aka ce ashe ramar rufa-ido ce. Nomau ya zauna daɓas a ƙasa.

Na uku shi ne Malam Jatau, na'ibin liman, maƙwabcin Nomau. Shekara goma sha takwas yana garin, ba wanda ya taɓa jin abin kunya a kansa, in liman ba ya nan shi ke jan salla. Ya daɗe a tsugune gaban tsiron nan yana dubawa. Da ya miƙe, sai ya ce wannan abin iri biyu ya sani. Akwai doguwa mai siraran ganye, mai jinkirin fure, wadda da ita ce da ta fi mutum tsawo. Akwai gajera mai cunkushewa da faffaɗan ganye, wadda ba ta wuce kwana arba'in ba ta nuna fure ba. Waɗannan gajeru ne, ko ƙugu ba su kai ba, kuma yanzu furensu yake leƙowa. Da tare da rama aka shuka su tun farkon damina, da tuni sun tsufa sun bushe. Ya ce a ƙirga kwanan da Nomau ya yi a tsare. Aka ƙirga, hamsin da uku. Ashe yana tsare aka shuka su.

Dagaci ya dube shi ya ce, "Malam, maganarka ta yi ma'ana. Amma wannan ba karatun allo ba ne. A ina ka san shi?"

Da ya ce ji ya yi a bakin matafiya, da ya tsira da mutuncinsa, amma da shaidar ta zama iska. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara huɗu na yi ina noma ta a cikin kurmi, a gonar wani, kafin Allah ya shirye ni. Ko iyalina ba su sani ba. Na fi son ku ji laifina na gaskiya da a kori bawan Allah a kan na ƙarya."

Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai jikina ya yi sanyi. Aka tumɓuke tushe biyar ɗin aka ƙone, aka wanke Nomau sarai. Wanda ya shuka su don ya gaji filin bakin rafi, ni na san shi, amma jikokinsa suna da rai, saboda haka mu bar shi da Mahaliccinsa. Malam Jatau kuwa, ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zage shi. Sai dai da liman ya yi tafiya, Malam Jatau ya matsa gaba zai ja salla, ya waiwaya ya ga sahu ya rage mutum uku: Nomau, da Shekarau da sandarsa, da wani baƙo da bai san abin da ake ciki ba. Daga ranar ya koma sahun baya da kansa.

Kunya ta ishi dagaci, ya fitar da karsana guda daga garkensa ya aika wa Nomau ta ban-haƙuri. Nomau ya ce shi bai yi komai ba illa zaman zaure, karsanar ta wanda ya cece shi ce. Ya kira su ukun ƙofar gidansa, ya riƙe igiyar karsanar, ya dubi ƙanwarsa, ya dubi abokinsa, ya dubi maƙwabcinsa, hannunsa ya ƙi miƙuwa.

Ba don Tabawa ba, da babu gonar da za a duba. Ba don Shekarau ba, da ramar ta mutu da gaskiyarta a ciki. Ba don Malam Jatau ba, da wahalar su biyun ta tashi a banza, an kori Nomau duk da furen. Karsana dai ɗaya ce, kuma ba a raba ta da rai.

To, ku da kuke zaune, a hannun wa Nomau zai sa igiyar nan?