Tarin Sarki a Bakin Ɗan Waziri

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani sarki wanda rashin tarbiyyar samarin garinsa ya dame shi. Ya yi gyaran murya, ya ja gemu, ya ce, “Ehem. To, Waziri, kai me ka gani?” Haka yake faɗa kan kowace magana, ko da batun gyaran danga ne.

Waziri Jatau ya ce, “Allah ya ba ka nasara, gida ne ke ɓata yara. Me yaro zai koya a gindin murhu? A gina Gidan Horo. Duk yaron da ya shekara huɗu a kai shi can, kada ya koma wurin uwarsa sai ya shekara goma.”

Aka yi shela.

To, a bayan kasuwa akwai wata maginiyar tukwane mai suna Gwamma, tana da ’ya ɗaya, Kuluwa, ’yar shekara biyar. A gindin yumɓu Kuluwa ta koyi haƙuri, a wajen tsintar wake ta koyi lura. Ita ke kai wa makauniyar maƙwabciyarsu kunu, ta durƙusa ta gaishe ta, ta jira ƙwarya. Da safe kuma ubanta ya biya mata karatu kafin ya tafi gona. Ranar da dogarai suka zo ɗaukarta, Gwamma ta riƙe hannun ’yarta, ta ce sai dai a kai su fada tare.

A gaban Sarki ta faɗi ta yi gaisuwa. “Ranka ya daɗe, ban ƙi karatu ba. Raba ni da ita ne ba zan iya ba. A gida ma yaro yana koyo.”

Waziri ya yi murmushi. “Koyon me, baiwar Allah? Ɗana Tunau sa’anta ne. Malamai uku na ɗaukar masa, ni ban taɓa koya masa ko harafi ba. A kawo su a yi musu tambayoyi.”

Gwamma ta ce, “In tambaya ce, yaro zai faɗi abin da aka sa shi ya haddace. A ba su tabarma da tsummoki, a bar su su yi wasa, manya su ɓuya su kalla.”

Sarki ya ce, “Ehem. In na ga abin da gida ya koyar, ’yarki taki ce. In ban gani ba, yau za ta kwana a Gidan Horo.”

Da hantsi aka ajiye yaran a inuwar wata tsamiya, Sarki da fadawa da Gwamma suka laɓe a bayan asabari.

Kuluwa ta ɗaura tsumma a ka, ta ce ita ce uwa. Ta raba gyaɗar da aka ba su gida biyu, ta tura wa Tunau kason da ya fi yawa domin shi baƙo ne, ta hana shi ci sai ya wanke hannu ya yi bisimilla. Gwamma ta fara samun numfashi. Sai yarinya ta riƙe ƙugu, ta karkace baki, ta saki muryar uwarta sak:

“Ni dai wannan sarki, wa ya ba shi wannan shawara? Shi a Gidan Horo aka raine shi? Da gyatumarsa na da rai, da ta ja masa kunne!”

Gwamma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wani dogari ya ɗaga bulala, Sarki ya ɗaga masa hannu, fuskarsa a murtuke. Gwamma ta ce a ranta, shi ke nan, na rasa ’ya da bakina.

Tunau kuwa ya yi tsalle. “Ni ne sarkin! Ni ne sarkin!” Ya naɗa tsumma a kai, ya tura ciki gaba, ya yi taku uku yana ɗan jan ƙafar hagu. Ya zauna da nishi, ya ja gemun da babu.

“Ehem. To, Waziri, kai me ka gani?”

Ya lumshe ido, kansa ya langaɓe, ya ja minshari, ya farka firgigit. “Madalla, madalla! A yi yadda Waziri ya ce!”

Fadawa suka cusa rawuna a baki. Sarkin Dogarai ya juya wa jama’a baya, kafaɗunsa na girgiza. Waziri kuwa gumi ya jiƙa masa riga.

Sarki ya ɗage asabari ya fito, yana jan ƙafar hagun tasa. Ya tsuguna a gaban yaron.

“Samari, ka taɓa shiga fada?”

“A’a.”

“Cikin malamanka uku, wanne ya koya maka wannan?”

“Su ai ba su iya ba. Baba ne. Kullum in ya dawo sai ya yi wa su Inna, su yi ta dariya har tuwo ya huce.”

Waziri ya zube. “Allah ya huci zuciyarka, wasa ne na cikin gida...”

“Ehem,” in ji Sarki. Sai ya ji tarin da kunnensa, dariya ta ƙwace masa har ya dafa tsamiya. Da ya natsu ya ce, “Waziri, ka ce ba ka taɓa koya masa komai ba. Ga shi ka koya masa ni, har da ƙafata, ba allo ba bulala. Na soke dokar nan. Yara su je wurin malam da safe, su dawo gaban iyayensu. Iyaye kuma su san ana kallonsu. Kai kuwa, gobe ka tashi a gaban fada ka yi mana da kanka, mu ga ko ɗan ya fi uban.”

Ya juya ga Gwamma, wadda ta kifa goshinta a ƙasa. “Ɗauki ’yarki. Maganar da aka yi kan gyatumata gaskiya ce, da ta ja mini kunne.”

Gwamma ta goya Kuluwa duk da girmanta, ba ta sauke ta ba sai a ƙofar gida. Can ta ce, “Ke, daga yau in na yi magana da babanki, ki toshe kunne.”

Kuluwa ta ja haɓarta, ta tura ciki gaba. “Ehem. To, Inna, ke me kika gani?”

Nan hikayar ta tsaya, mai yara a gida ya kula da bakinsa.