Jan Rinin da Zabuwa Ta Gani a Madubi

An yi wata Zabuwa mai son a ce ta fi kowa kyau. Maƙwabciyarta Bushiya ce, wadda ba ta tauna magana.

Ran kasuwa Zabuwa ta rufe ƙwayayenta da ciyawa, ta tafi sayen maganin ƙuma. Sai ta tarar Hawainiya mai sayar da rini ta kafa wani madubi. In ka tsaya gabansa, sai ka ga kanka da rinin a jiki, tun ba ka taɓa shi ba.

"Hajiya, matso! Kallo kyauta ne," in ji Hawainiya.

Zabuwa ta leƙa. Ita ce dai, har da rumfar da ke bayanta, amma gashinta jawur kamar garwashi. Ta juya, jan ya juya. Ta buɗe fiffike, ya buɗe.

Ta koma gida babu magani, ta ma manta abin da ya kai ta. Ko ruwa za ta sha, in ta ga tokatokar jikinta a cikin ruwan sai ta ja tsaki.

"Yaya Bushiya, ja zan koma. Na gwada, ya karɓe ni."

"Kin gwada? Ina ya taɓa ki?"

"Na ce na gwada! Har santsinsa ina tunawa."

"Ƙarya kike wa kanki. Gani kika yi. Madubin ya nuna miki Shaho? Wannan tokar da kika raina ita ke ɓoye ki a kan ƙwai."

"Hassada ce! Mai ƙaya a baya me ta sani game da ado?"

Kasuwa na zagayowa ta kwashi geronta ta kai wa Hawainiya, aka tsoma ta a rini. Ta dawo tana taku ɗai-ɗai, ta hau kan ƙwai, jawur a tsakiyar busasshiyar ciyawa.

Shaho da ya saba wucewa bai ga komai ba, ran nan tun daga sama ya hango ta. Ya sauko fuu, ya tsige gashin kanta gaba ɗaya, ya tashi don ya sake dawowa.

"Wayyo ƙwayayena! Yaya, ki cece ni!"

"Bar kururuwa, sauka daga kansu!"

Bushiya ta ja ciyawa ta rufe ƙwan, ta tura Zabuwa cikin tokar ciyawar da wani manomi ya ƙona a gefen gona. "Birgima! Ƙara!" Toka ta manne wa ɗanyen rinin. Shaho ya yi ta shawagi, bai ga ja ba, ya tafi.

Zabuwa ta fito daga tokar. "Yaya, na zage ki, kika cece ni. Allah ya saka miki."

"Amin. Koma kan ƙwanki kafin su huce."

Kullum sai ta yi birgima a toka, har sabon gashi ya fito. Gashin kai kuwa bai dawo ba. Da 'ya'yanta suka ƙyanƙyashe, gidan Bushiya ta fara kai su. "Ku durƙusa ku gaishe ta. Ba don ita ba, da babu ku."

Darasin wannan labari shi ne, mai talla abin da zai zauna muku a rai kawai yake nunawa. Ku yara masu ɗora wa fuskarku kaya a waya kuna murna, gani daban, gwadawa daban. In kun sami mai faɗa muku gaskiya ko da ɗaci, ku gode masa, kada ku zage shi.