Madugun da Ya Ga Sama Ta Yi Ja

An ce wai an yi wani alƙali a garin Tudun Maɗi, ana kiransa Malam Ɗahiru, mutum mai sanyin murya da jinkirin hukunci. Na ce "an ce" ne don haka manya ke buɗe magana, amma ni Duna da idona na gani. Ban taɓa riƙe allo ba, ban san baƙi ba, sai dai abin da ya shiga kaina ba ya fita. Agana ta kama ni ta sake ni. Shekarar yunwa ta share rabin garinmu ta bar ni tsaye. Sa'o'ina duk sun kwanta dama, ni kuwa har gobe da haƙorina nake fasa alawa.

Tudun Maɗi garin alawa ne. In Babbar Salla ta gabato, ƙanshin sukari da tsamiya yakan cika lunguna har ƙudan zuma su rasa gidan da za su nufa. Mata su dafa, su rina da zoɓo ta yi ja, su rina da gangamau ta yi ruwan ɗorawa, su rina da ruwan ganye ta yi kore, su zuba a faranti mai shafe da man gyaɗa. In ta daskare sai a farfasa, ka ga faifai cike kamar an kakkarya bakan gizo. A cikin masu wannan sana'a babu kamar mata biyu: yayata Ladingo, da aminiyarta Tabawa. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, wurin tsohuwa ɗaya suka koya, kuma baƙin ciki ɗaya suke haɗiya. A shekarar yunwa, da mutane suka watse kan hanyar kudu, kowaccensu ta rasa ɗanta ƙarami cikin turmutsutsu. Na Ladingo sunansa Nomau, na Tabawa Sallau. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba.

Shekaru suka shuɗe har gashin matan ya yi fari fat. Wata shekara, ana shirin Salla, ayarin fatake ya sauka a zangon garin. Madugunsu dogon mutum ne mai furfura kaɗan a gemu, ana ce masa Baƙo, don fatake ne suka tsince shi yana yaro a bakin hanyar da ta fito daga garinmu, suka rene shi. Ya ce uwarsa ya zo nema. Da an sauko daga Idi ayari zai tashi, kuma ya rantse in bai same ta ba a wannan zuwa, ba zai ƙara tako ƙasar ba, don zuciyarsa ta gaji.

Aka tambaye shi abin da yake tunawa. Ya ce, "Ba suna, ba fuska. Abu ɗaya ne, kuma ban sani ba ko mafarki ne. Ƙasa da ɗumi, ga ƙanshin hayaƙi da tsamiya. Sai sama ta yi ja wur. Can ta koma ruwan ɗorawa. Can ta yi kore shar. Sai wani abu mai zaƙi ya shiga bakina."

'Yan zango suka yi dariya, suka ce rana ce ta buge shi yana yaro. Amma zancen zaƙi da tsamiya ya kai kunnen matan nan biyu, kowacce ta yafa mayafi ta fito. Ladingo ta dube shi ta ce, "Nomau ne." Tabawa ta dube shi ta ce, "Sallau ne." Babu maƙaryaciya a cikinsu. Tsagen fuskarsa na garin ne, kowa da irinsa. Ni kaina na zagaya shi, na ce, "Yaya, waɗannan kunnuwan gidanmu ne, ko a kasuwa na gan su sai na gane su."

Tabawa ta harare ni ta ce, "Duna, kunnen gidanku ai kunnen jaki ne, wa zai yi gardamarsa?"

Kowacce ta gayyace shi gidanta. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, don baƙo namiji iyakarsa ke nan, aka fito masa da alawa a faifai. Ya tsotsi ta Ladingo, idonsa ya kawo ruwa. Ya tsotsi ta Tabawa, idonsa ya kawo ruwa. Hannu ɗaya ya koya musu, ina bambanci zai fito? Aminai biyu da suka yi kuka tare tsawon rayuwa suka daina gaisuwa ta kan katanga. Salla na matsowa, raƙuma na ta cin ƙaya a zango. Sai aka tafi gaban alƙali.

Malam Ɗahiru ya saurari kowa, ya sa madugu ya maimaita mafarkinsa. Ya runtse ido ya daɗe, har na ɗauka barci ya sace shi. Da ya buɗe sai ya ce, "Madugu, a ina ka ci alawar nan?"

"A zaure, Allah ya gafarta malam."

"A zaune kan tabarma, kamar baƙo mai daraja?"

"Haka aka karrama ni."

Alƙali ya ce, "To, karramawar ce ta ɓatar da kai. Ka je neman uwa, aka tarbe ka tarbar madugu. Yaro ba ya cin alawa a zaure, gindin murhu yake cin ta. Sama kuwa tun da Allah ya ɗaga ta ba ta taɓa yin kore ba. In yaro ya ga ta yi kore, wani abu ne ya gitta tsakaninsa da ita. Gobe da hantsi kowacce ta hura wutarta a gidanta, ta dafa yadda ta saba, kada ta ƙara kada ta rage. Kai kuma na halatta maka shiga cikin gida. Ka cire rawani, ka tuɓe babbar riga, ka zauna a ƙasa dirshan kusa da zanen mai dafuwa, inda kan yaro zai kai. Kada ka yi magana, kada ka ɗanɗana."

Mutanen madugu suka yi gunaguni, wai mai jan ayari zai zauna cikin toka.

Washegari aka fara da gidanmu. Alƙali ya zauna daga bakin ƙofa, ni ina gefensa, don ko a lokacin ba a yin babban abu a garin ba tare da ni ba. Madugu ya naɗe dogayen ƙafafunsa gindin murhu, abin dariya abin tausayi. Ladingo ta zuba sukari da ruwan tsamiya a tukunya, ya narke, ya tafasa, kumfa ta tashi ta kwanta. Da ta ga ya yi kauri sai ta jawo ƙwaryar ruwan sanyi, ta ɗiga kaɗan a ciki, ta tsamo, ta kai bakinta ta ciza. Ƙas! Haka take gane dafuwa, da haƙori da kunne. Ta yi ja, ta yi ruwan ɗorawa, ta yi kore, kowacce sai ta ciza. Alawa ta yi kyau, wallahi ko a fadar aljanu ba a fi ta ba. Madugu ya dubi wuta, ya dubi ƙwarya, fuskarsa ba ta motsa ba.

Aka zagaya gidan Tabawa. Rana ta ɗago, haskenta ya sauko ta kan katanga ya kwanta a tsakar gida. Dafuwa iri ɗaya, ƙanshi iri ɗaya. Amma Tabawa tun tana budurwa haƙorinta na gaba ya karye, ba ta cizon alawa. Da ta ga kumfa ta kwanta sai ta kifa wata tsohuwar ƙwarya, ta shafe bayanta da mai, ta zuba ludayi guda. Ruwan alawar ya bazu siriri. Ta ɗan jira, ta ɓanɓaro shi kamar ganye, ta ɗaga shi sama da hannu biyu tana duban rana ta cikinsa, ko akwai gajimare a ciki.

Mu da muke daga ƙofa tsohuwa kawai muka gani riƙe da ɗan jan abu. Amma hasken ya ratsa ya zubo ƙasa, daidai inda madugu yake zaune. Fuskarsa ta yi ja, gemunsa ya yi ja, hawayen da ya taru a idonsa ya yi ja. Ya ɗaga kai a hankali. Tabawa ba ta ma lura ba, aikinta take. Ta ɗaga mai ruwan ɗorawa, mutumin ya zama zinariya. Ta ɗaga kore, ya zama kamar wanda ke kwance ƙarƙashin ruwan tafki yana kallon sama. Sa'an nan ta karya gefen ganyen, ta hura masa iska, ta miƙa hannu ƙasa gefen gwiwarta ba tare da ta waiwaya ba. Ashe duk shekarun nan haka take yi, sai gutsuren ya faɗi kaji su tsince.

Ran nan bai faɗi ba. Madugu mai jan raƙuma ya buɗe baki kamar ɗan tsako ya karɓa daga yatsunta. Da ta ji ɗumin leɓe sai hannunta ya tsaya cak. Ta ce a hankali, har yanzu ba ta juyo ba, "Sallau, da zafi, kar ka tauna."

Ya ce, "Inna."

Ban yi kuka ba, hayaƙi ne ya shiga idona. Na waiwaya na ga yayata tsaye jikin katanga, ludayi a hannunta. Ta yi murmushin da ban so gani ba, ta ce, "Barka, Tabawa. Nawa yana hanya." Ta juya za ta fita.

Alƙali ya ce, "Dakata, Iya, ban gama ba." Ya dubi madugu. "Haihuwa ta Tabawa ce, wannan Allah ya yanke, ba ni ba. Amma ka shigo garin nan ka tarar da mata biyu masu jira, bai kamata ka fita ka bar ɗaya cikin kaɗaicin da ya fi na da ba. A wani gari akwai mutum sa'anka da ke jin wani abu ya ce ƙas a cikin kansa, bai san ko mene ne ba. Ga hukuncina. Kowace shekara Ladingo za ta dafa maka alawa. Duk zangon da ka sauka ka tara mutane, ka ciza a gabansu, ka raba musu, ka dubi fuskokinsu. Kafin ka samo Nomau kuwa, kai ne Nomau a gidan nan. A fasa katangar."

Da hannuna na fasa ta, kafin azahar, ni kaɗai, lokacin ina da ƙarfin bijimi. Ayari ya tashi bayan Idi da buhun fata cike da alawa, ya kuma dawo Sallar da ta biyo, da ta bayanta. Duk dawowa madugu kan fara durƙusa wa Ladingo ya ba ta labarin garuruwan da alawarta ta shiga da fuskokin da ya duba. Ita kuwa sai ta ce, "To, baɗi." Ta tsufa cikin dafuwa da sa rai, ta rasu kanta bisa cinyar Tabawa. Yanzu jikokin madugu ke kai alawar, ni nake ciza musu gwaji, don haƙorin gidanmu ne. Nomau bai zo ba tukuna. Amma ni ma ban mutu ba tukuna, kuma na fi yunwa da agana haƙuri.

Abin da na ɗauka daga Malam Ɗahiru, ba a allo ba, shi ne wannan: wanda ya yar da abu yana yaro, in ya girma kada ya neme shi a tsaye. Ya cire rawani ya durƙusa, don daga ƙasa ya gan shi, daga ƙasa kuma zai gane shi.